Ba Kowane Mai Farin Kaya Ne Nas Ba: Su Wa Ke Duba Marasa Lafiya a Ikara, Maƙarfi da Kudan?

Ka tsaya a bakin ƙaramin asibiti a Likoro ko Gazara ko Paki ranar awo, ka tambayi matar da ta fito riƙe da kati wa ya duba ta. In namiji ne za ta ce likita. In mace ce za ta ce nas, ko malama. Ba ƙarya ta yi ba, iyakar abin da ta sani ke nan. Amma da za ka shiga ciki ka nemi ganin takardun wanda ya auna mata jini ya shafa cikinta, sau da yawa za ka tarar babu likita a ginin gaba ɗaya, kuma wadda ake kira nas ɗin ba makarantar nas ta yi ba. Wani karatu ta yi daban, wata hukuma ce ta ba ta lasisi, kuma doka ta shata mata iyakar da ba irin ta nas ba.

A ƙasar Zazzau ta arewa, wato Ikara da Maƙarfi da Kudan, farin kaya ya haɗa mutane aƙalla iri biyar a ƙarƙashin suna ɗaya. Akwai nas mai rajista da ungozoma mai rajista. Akwai nas ɗin karkara da ungozomar karkara masu lasisi. Akwai ma'aikatan lafiyar al'umma, waɗanda kowa a asibiti ke kira CHEW da JCHEW, da babbansu CHO. Akwai leburorin asibiti da daɗewa ta sa suka iya riƙe allura. Sannan akwai wadda ta koyi aiki a wani asibitin kuɗi, ta ɗinka farin kaya, ba ta da rajista a ko'ina. Mai rake da ya kawo matarsa a kan babur cikin dare bai san wannan rabe-raben ba, kuma babu wanda ya taɓa zaunar da shi ya yi masa bayani.

Wadda doka ta sani da sunan nas

A Najeriya hukuma ɗaya ce ke da ikon ta ce wane nas ne: Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Ƙasa. An kafa ta da dokar soja mai lamba 89 ta 1979, lokacin da aka haɗe hukumar jinya da ta ungozomomi waɗanda tun zamanin Turawa suke aiki daban-daban. Ita ke amincewa da makarantu, ita ke shirya jarrabawar ƙarshe, ita ke riƙe da littafin rajista, ita kuma ke iya soke sunan wanda ya yi ganganci da rai.

Tsohuwar hanyar zama nas ita ce shekara 3 a makarantar jinya, bayan an fito sakandare da kiredit 5 a Turanci da lissafi da fiziks da kemistiri da bayoloji. Waɗannan darussa biyar su ne katangar da yaran ƙauye da yawa ke karo da ita, musamman mata, domin makarantar da ba ta da malamin fiziks ba za ta haifar da nas ba komai ƙoƙarin yarinya. Wadda ta ci jarrabawar majalisa ta zama nas mai rajista, ta rubuta RN a bayan sunanta. In tana son ungozoma sai ta ƙara wata 18, ta samu RM. Akwai kuma masu shiga ungozoma kai tsaye su yi shekara 3. Jami'a kuwa, kamar ta Ahmadu Bello a Zariya, shekara 5 ake yi kafin a samu digiri, sannan a yi shekara guda ta koyon aiki. A 'yan shekarun nan ana mai da tsofaffin makarantun jinya kwalejoji masu ba da difloma ta ƙasa da babbar difloma a shekara 4.

Ɗan Ikara ko Kudan da ke son wannan karatu, mafi kusa gare shi su ne makarantar jinya ta Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, da ta asibitin St. Luke a Wusasa, da kwalejin jinya da ungozoma ta jihar Kaduna mai rassa a Kafanchan da Tudun Wadan Kaduna da Pambeguwa. Guraben kaɗan ne, masu nema dubbai.

Me ake koya mata a shekarun nan da ya bambanta ta da saura? Mutane na ɗauka allura ce da ƙarin ruwa. Allura kuwa ita ce mafi sauƙin abin da ke cikin aikin. Yaro mai hankali zai iya koyon ta a mako guda. Abin da ke cin shekaru shi ne sanin abin da ke faruwa a jikin marar lafiya tun bai fito fili ba. Nas ta gaske tana kallon bugun jini ya ɗan ƙaru, numfashi ya ɗan yi sauri, fitsarin da ke cikin leda bai kai yadda ya kamata ba tun la'asar, sai ta haɗa ukun ta gane mutumin nan yana zamewa, alhali danginsa na ganin ya samu barci. Ta san dalilin da ya sa ba a haɗa wannan magani da wancan, ta san lissafin abin da za a ba jariri mai kilo 3, ta san alamar da ke nuna jinin da ake ƙara wa mutum bai karɓe shi ba. Ita ke tsara yadda za a yi jinyar kowane marar lafiya a ɗaki, ita ke raba wa na ƙasa da ita aiki, kuma in an yi kuskure ita za a tsayar.

Matakin tsakiya

Ƙasashe da yawa sun daɗe da gane cewa ba za su taɓa samun isassun nas masu cikakken karatu ba, sai suka ƙirƙiro mataki na biyu. A Amurka akwai nas mai lasisin aikin hannu, wadda suke kira LPN, a jihohin Kalifoniya da Teksas kuma LVN. Karatunta kusan shekara guda ne, jarrabawarta daban da ta nas mai rajista, kuma tana aiki ne a ƙarƙashin nas mai rajista ko likita: auna jini da zafin jiki, wanke ciwo, ba da magungunan da aka rubuta, kula da tsofaffi a gidajen jinya. Ingila ta taɓa samun irin wannan mataki mai karatun shekara 2, ta daina horar da su wajen farkon shekarun 1990, sai ga shi ƙarancin ma'aikata ya tilasta mata dawo da wani abu mai kama da shi, wanda aka fara yi wa rajista a 2019.

Mafi kama da wannan a wurinmu su ne nas ɗin karkara da ungozomar karkara. Majalisar jinya ce ta tsara su, karatun shekara 2 ne, kuma lasisi ake ba su, ba cikakkiyar rajista ba. Dabarar ita ce a ɗauko yarinya daga ƙauyenta, a horar da ita, ta koma ƙauyen nan ta yi aiki, tun da an gaji da tura 'yan birni su yi wata biyu su nemi canji. Tunani ne mai kyau. Wadda iyayenta ke Auchan, mijinta ke Auchan, ba ta da inda za ta gudu ranar Juma'a da rana. Sai dai an tsara ta ne ta yi aiki a ƙarƙashin kulawar mai rajista, kuma wannan sharaɗi ne da ke da sauƙin rubutawa a Abuja.

Abin da Maƙarfi ke yayewa

Wanda ya fi kowa yawa a ƙananan asibitocin yankin nan ba ya cikin waɗannan matakan nas ɗin. Shi ne ma'aikacin lafiyar al'umma, kuma ba sai an je nesa neman inda ake ƙera shi ba. Makarantar kimiyya da fasahar lafiya da ke Maƙarfi, mai ɗauke da sunan marigayi Sarkin Zazzau Alhaji Shehu Idris wanda ya yi sarauta daga 1975 har rasuwarsa a 2020, ta yaye ma'aikatan lafiya masu ɗimbin yawa da suka bazu a jihar Kaduna da maƙwabtanta. Da wuya ka shiga asibitin mazaɓa a wannan shiyya ba ka tarar da wanda ya yi Maƙarfi ba.

Asalin wannan aiki ya girmi sunansa. Tun zamanin En'e akwai asibitin sha-ka-tafi da malamin asibitinsa, mai jiƙa magani a kwalba, mai wanke gyambo. Bayan taron duniya na Alma-Ata a 1978, inda aka amince cewa lafiya a matakin farko ita ce ginshiƙi, Najeriya ta fara tattara waɗannan ƙananan ma'aikata wuri guda. Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992, shi ya ba tsarin ƙarfi. A 1992 aka kafa hukumar lafiya matakin farko ta ƙasa, a shekarar nan kuma dokar soja mai lamba 61 ta kafa hukumar da ke yi wa ma'aikatan lafiyar al'umma rajista. JCHEW na yin shekara 2, CHEW shekara 3, CHO kuwa ƙarin karatu ne da ake yi a asibitin koyarwa bayan an yi aiki.

Nan ne kwatancen da ake yi da Amurka ke karyewa. LPN ƙaramar nas ce, tsani ɗaya suke hawa da babbar. CHEW ba ƙaramar nas ba ce ko kaɗan. Wata bishiya ce daban. An horar da ita ta zauna inda babu likita, ta saurari marar lafiya, ta buɗe littafin ƙa'idojin aiki da ake kira Standing Orders, ta bi shi layi-layi: in yaro na da zazzaɓi yi masa gwajin cizon sauro, in ya nuna ba shi kaza, in yana suma ko ya kasa shan nono kada ki riƙe shi, tura shi gaba. An kuma tsara cewa wani kaso na lokacinta a cikin gari za ta yi shi, gida-gida, tana bin rigakafi da tamowa da tsabtar rijiya, JCHEW ma mafi yawan lokacinsa a waje zai yi shi. Wato CHEW tana rubuta magani a cikin iyakar littafinta, abin da nas ɗin babban asibiti kan jira likita ya yi. Nas kuma ta san jinyar mutumin da aka yi wa tiyata ko wanda ke kwance rai a hannun Allah, abin da ba shi aka zurfafa wa CHEW ba. Kowa da inda ya fi ɗan'uwansa, kuma rashin fahimtar wannan shi ya sa gardamar wa ya fi wa ba ta ƙarewa a ɗakin hutun ma'aikata.

Abin da ya faru a zahiri shi ne rashin ma'aikata ya tsare CHEW a cikin asibiti. Fitar gida-gida ta koma sai lokacin polio ko rabon maganin zazzaɓi na damina. Ita ce mai awo, ita ce mai karɓar haihuwa, ita ce mai ba da magani, ita ce mai cika rajistocin da ake kai wa ƙaramar hukuma ƙarshen wata, wani lokaci ma ita ce mai neman wanda zai ɗebo ruwa.

Daren da bambancin ke fitowa

A ranar da komai ke tafiya daidai, ba za ka gane bambanci ba. Haihuwa tara cikin goma, a ce, ko wa ya karɓa lafiya lau za a tashi. Ta goman ce ke tona asiri.

A ɗauka yarinya ce mai cikin fari, an kawo ta daga wani ƙauye a bayan Gubuchi ƙarfe biyun dare, ƙafafu sun kumbura, tana kukan ciwon kai tana ganin dishi-dishi. Ungozoma mai rajista ba za ta jira jijjiga ta fara ba. Za ta auna jini, ta gwada fitsari, ta ɗauko allurar magnesium sulphate, ta san nawa za a yi a jijiya nawa a ɗuwawu, ta san tana lura da numfashi da fitsari don kada maganin ya yi yawa. CHEW da aka yi wa horo na musamman za ta iya yin allurar farko ta tura ta babban asibitin Maƙarfi, ko Zariya in abin ya fi ƙarfinsu. Wannan daidai ne, kuma ya ceci rayuka. Wadda ba a horar ba, ko wadda ta koyi aiki da ka, ita ce za ta ce hawan jini ne kawai, ta rataya ruwa, ta ce a jira gari ya waye.

Haka zubar jini bayan haihuwa, wanda kan kashe mace cikin awa biyu in ba a tare shi ba. Haka doguwar naƙuda, wadda ke barin yarinya da yoyon fitsari. Akwai takardar da ake zana tafiyar naƙuda a kanta awa bayan awa, mai layin gargaɗi da layin ɗaukar mataki. Wadda ta iya cika ta ba ta barin mace ta kwana biyu tana durƙushe.

Gwamnatin tarayya ta amince da gaskiyar da ke ƙasa a 2014, lokacin da ta fitar da tsarin sauƙe wasu ayyukan likita da ungozoma a kan CHEW bayan horo: allurar farko ta jijjiga, ƙwayar misoprostol ta tsai da jini, sanya ashanar tazarar haihuwa a hannu, farfaɗo da jaririn da ya faɗo bai yi kuka ba. Wasu nas sun ɗauki wannan cin iyaka. Ni ina ganin ba zaɓi ne tsakanin ungozoma da CHEW ba, domin a ƙauyuka da dama zaɓin shi ne CHEW ko babu kowa. Inda nake tare da masu suka shi ne kan kalmar horo. Bita ta kwana biyar a otal ba ta mai da mutum ungozoma, kuma tsarin ya dogara ne kan a riƙa zuwa ana duba aikinta, abin da ke buƙatar mota da mai da wanda zai je.

Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya ƙiyasta mata 512 ke mutuwa a kowace haihuwa 100,000, kuma kashi 43 cikin ɗari ne kawai na haihuwa ƙwararre ke karɓa a faɗin Najeriya. Arewa maso yamma ta yi ƙasa da wannan kaso nesa. Jihar Kaduna, a zamanin Malam Nasiru El-Rufa'i, ta ɗauki aikin gyara asibiti ɗaya a kowace mazaɓa cikin mazaɓunta 255. An yi fenti, an sa sola a wurare da yawa. Gini dai ba ya karɓar haihuwa. Asibitin da ake so ya buɗe dare da rana yana buƙatar ungozomomin da za su yi karɓa-karɓa, kuma su ne abin da ya fi wuyar samu.

Ina nas ɗin suka tafi?

Wasu suna manyan asibitocin Ikara da Maƙarfi da Hunƙuyi, inda ɗaya kan riƙe ɗaki guda cur da dare. Wasu sun bi albashin gwamnatin tarayya zuwa asibitin koyarwa da ke Shika. Wasu kuwa sun haye teku. A farkon 2024 magatakardan majalisar jinya na lokacin, Faruk Abubakar, ya ce nas 42,000 sun bar ƙasar nan cikin shekara 3, fiye da 15,000 daga cikinsu a 2023 kaɗai. Majalisar ta fitar da ƙa'idar cewa sai mutum ya yi aikin shekara 2 kafin a tantance masa takardun fita, nas suka yi zanga-zanga a Abuja da Legas.

Ka ga wani bambancin da ba a koyarwa a aji: takardar RN tana tafiya. Ingila da Saudiyya da Kanada sun san ta, suna zawarcinta. Takardar CHEW kuwa ta gida ce, an ɗinka ta daidai jikin Najeriya. Shi ya sa ƙauye ya zama nata. Ba kullum don ta fi kishin ƙauyen ba. Ƙofar fita ce ba ta buɗe mata ba. Kuma in ta so zama nas bayan shekara 10 tana karɓar haihuwa, tun da hukumominsu daban ne, yawanci sabon karatu za ta ɗauko tare da yaran da ta haifa a sana'a. A Amurka LPN na da gajeriyar gada zuwa RN. Rashin irin wannan gada a nan asara ce, domin matar da ta riga ta zauna a Kuya ko Doka da 'ya'yanta ita ce ta fi cancanta a ƙara wa ilimi.

Wadda ba ta cikin kowane littafi

Saura ta ƙarshe, wadda ta fi kowa sa farin kaya fes. Ana kiranta ogziliyari. Ta zauna a wani asibitin kuɗi shekara ɗaya ko biyu, an yi mata bikin yayewa da hoto da hula, ta dawo unguwa tana bin gidaje da jaka. Majalisar jinya ba ta amince da wannan suna ba, ba ta da rajistarsa. Abokin tafiyarta shi ne mai kemis da lasisinsa na sayar da magungunan da ba sa buƙatar takardar likita ne kawai, amma a bayan kanta akwai benci da ƙusa a bango ta rataya ruwa.

Ba wauta ce ke kai mutane wurinsu ba. Suna kusa, suna buɗe da dare, suna ba da bashi har a sayar da tumatir ko barkono, kuma ba sa yi wa tsohuwa tsawa don ta zo a makare. Ma'aikatan gwamnati da yawa ya kamata su ji kunyar wannan na ƙarshen. Illar ita ce ba wanda ya koya musu inda hannunsu ya kamata ya tsaya, kuma kowane marar lafiya da suka tura gaba kuɗi ne ya fita daga aljihunsu. Nas ɗin babban asibiti sun san irin waɗanda ke iso musu daga nan: yaron da aka yi wa allura a ɗuwawu ba daidai ba ƙafa ta shanye, mai ciwon suga da aka ɗura wa ruwa mai suga, mai jego da aka riƙe kwana uku tana zuba.

Mai lasisi, ko nas ce ko ungozomar karkara ko CHEW, tana da lamba da hukumar da za a kai ƙararta, kuma ba laifi ba ne maigida ya tambaya cikin ladabi: Malama, wane karatu kika yi? Kowace mazaɓa na da kwamitin ci gaba da ke sa ido kan asibitinta, da mai unguwa da liman a ciki ko a kusa. Su ne ya kamata su san mutum nawa aka turo musu, masu wane mataki, da wa ke kwana ranar Asabar. In kuwa malamar asibiti ta ɗauko takarda ta rubuta ta ce a wuce Maƙarfi ko Shika, dangi kan yi gunaguni su ce ba ta iya aiki ba, har wani ya ba da shawarar a leƙa wurin mai kemis tukuna. Daga Tashar Yari zuwa Zariya ba wata tafiya ba ce in an samu mota. Awannin da ake ɓatawa ana wannan shawara a tsakar gida su ne suka fi hanyar tsawo.